Tura fim da littafi a waya: taimako ne ko cin haƙƙi?

Kwanakin baya wata ƙanwata da ke rubuta littattafai a onlayin ta kira ni muryarta na rawa. Wata biyar tana taifin ɗin littafi a waya, da daddare bayan yara sun yi barci, ta sa masa naira 500, ko sati bai yi ba sai ga shi an haɗe shi dokumen guda ana ta yawo da shi a guruf-guruf na WhatsApp, har da wata da ta turo mata shi wai "Anti ga wani littafi mai daɗi ki karanta". Da na yi maganar a cikin abokai sai tambayoyi suka yi ta zuwa, shi ne na ce bari in tattara su wuri ɗaya.

Wai me ake nufi da satar fasaha ne?

Ka ɗauki aikin wani, fim ko waƙa ko littafi ko manhajar kwamfuta, ka kwafa ka raba ko ka sayar ba da izininsa ba. Da can sai mai injin buga faifai ke iya wannan, yanzu kuwa duk mai waya da Xender ko Telegram ya zama kamfanin buga faifai mai zaman kansa, kuma yawancinmu ba ma jin mun yi wani abu don ba mu fasa shagon kowa ba.

To ai da kuɗina na saya, don me ba zan tura wa wanda na ga dama ba?

Nan ne mutane suka fi rikicewa. Idan ka sayi littafi na takarda ka ara wa maƙwabcinka, littafin ya bar hannunka, guda ɗaya ne dai yake zagayawa. Amma in ka tura dokumen a guruf mai mutum ɗari biyar, naka yana nan, kowannensu ya samu nasa, kuma kowa zai iya sake turawa. Kenan ba aro ka bayar ba, bugawa ka yi. Kuɗin da ka biya na karatu ne, ba na mallakar aikin ba. Shi ya sa za ka ga marubuta mata suna rubutawa a saman kowane feji cewa "littafin kuɗi ne, duk wadda ta fitar min ban yafe ba", wasu har da Allah ya isa, don ba su da wani makami da ya wuce wannan.

Da gaske ne wannan ne ya kashe kasuwar fim ta Kano?

Ba shi kaɗai ba, amma yana sahun gaba. Wanda ya san Ƙofar Wambai a lokacin kaset da sidi ya san yadda 'yan kasuwa ke zuwa daga Zariya, Sakkwato, Maraɗi, Damagaram suna lodin fim katan-katan. Tun a lokacin akwai masu buga na jabu, amma da wayoyi masu memori suka cika gari sai shagunan masu tura fim suka ɓullo a kowane lungu, mutum ɗaya zai sayi faifai ya zuba a kwamfuta ya yi ta tura wa jama'a a kan 'yan kuɗi kaɗan, furodusan da ya ci bashi ya ɗauki fim ɗin ko sisi ba ya gani. Ga shi Arewa24 ta zo a 2014 mutane suka saba kallon shiri mai dogon zango a gida. A hankali sidi ya mutu, masu shirya fim suka koma YouTube suna sakin shiri kashi-kashi duk sati suna jiran kuɗin talla. Abin da ke ba ni takaici shi ne waɗanda ba a ganin fuskarsu, mai riƙe fitila, mai kwalliya, mai editin, mai dafa abincin lokeshan, su ne suka fara rasa aiki.

Akwai doka kuwa a Najeriya ko surutu ne kawai?

Akwai. Hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa, wato NCC (ba ta sadarwa ba, sunan ne ya zo ɗaya), tana nan tun 1989. Tsohuwar dokar ta 1988 ce, lokacin babu wanda ya san intanet, sai a watan Maris na 2023 Buhari ya sa hannu a sabuwa wadda ake kira dokar 2022. Ita ce ta shigo da maganar onlayin sosai: mai aiki zai iya rubuta wa kamfanin da ke ɗauke da shafi ya sauke abin da aka sace, hukumar tana da ikon sa a toshe shafin, kuma wanda ya ɗora aikin wani a intanet don neman kuɗi ba izini zai iya fuskantar tarar da ba ta gaza naira miliyan ɗaya ba ko ɗaurin da bai gaza shekara biyar ba ko duka biyun. Littafi yana da kariya har shekara 70 bayan rasuwar marubucin, fim da sautin da aka naɗa kuma shekara 50 daga fitowarsu. Ba sai ka yi rajista ba, daga ranar da ka rubuta haƙƙin naka ne.

To me ya sa ba a kama su duka a huta?

Don kame kaɗai bai taɓa gama wannan matsalar a ko'ina ba. A Amurka kotu ta durƙusar da Napster, manhajar da ake musayar waƙoƙi kyauta da ita, a 2001 wasu suka maye gurbinsa. A Suwidin an yanke wa mutum huɗu masu alaƙa da Pirate Bay, shafin da ake samo fina-finai da waƙoƙi na sata, hukuncin ɗaurin shekara ɗaya a 2009, shafin ya ci gaba da sauya adireshi. An rufe Megaupload, wani shafin ajiye fayil da raba shi, a 2012, satar ba ta tsaya ba. Abin da ya rage ta a can shi ne da aka samar da hanya mai sauƙi da araha ta biya a kalla ko a saurara. A ganina nan ma haka ne, yarinyar da ke ƙauye ba ta da asusun banki, in za ta sayi littafi sai ta nemi katin waya ta tura hotonsa ta jira a sa ta a guruf, alhali na sata yana zuwa mata a dannawa ɗaya. Wannan ba ya halatta mata, amma dole masu sayarwa su duba. Ni dai in za a yi kame a fara da masu cin kuɗi da abin, masu tashoshin Telegram da masu karanta littafin mutane a YouTube suna karɓar kuɗin talla ba tare da sun ko gaishe da marubuciyar ba.

Ai su ma 'yan fim ɗin kwafar na Indiya suke yi, me za su ce?

Gaskiya ne an yi, kuma fassarar Indiya-Hausa da ake yi ba izinin masu fim ita ma cin haƙƙi ce. Amma laifin wani ba ya wanke naka.

Addini ya ce wani abu a kai?

Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa ta zauna a Kuwait a 1988 ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta shi ba. Akwai malaman da suka sassauta kan littattafan ilimi in ba don kasuwanci ba ne, kuma malamai da yawa da bakinsu suke cewa a yaɗa karatunsu, wannan sun ba da izini kenan. Marubuciyar da ta ce ba ta yafe ba kuwa ai magana ta ƙare.

An sace min aiki, me zan yi?

Fara da adana hujja, ainihin rubutunka mai kwanan wata, sikirinshot na inda aka ɗora da link ɗin. YouTube da Facebook suna da fom na ƙorafin haƙƙin mallaka kuma kyauta ne, a YouTube in ƙorafi uku suka tabbata a kan tasha ana iya rufe ta gaba ɗaya. WhatsApp ne mai wahala don ba a ganin abin da ke cikin guruf, sai dai ka bi admin ta lalama ko ka kai wa NCC ko lauya in asarar babba ce. Ƙanwata fom ɗin YouTube muka cika tare da ita a kan wata tasha da ke karanta littafin, aka sauke bidiyon. Na WhatsApp ɗin har yau yana yawo, sabon da take rubutawa yanzu feji-feji take saki, ta daina ba kowa cikakke.