Sankarar mama lokacin juna biyu

Sankarar mama, wadda ake kira daji ko kansar nono, ita ce sankarar da ta fi kama mata a Najeriya. Likitoci kan ware wadda aka gano mace tana da ciki, ko cikin shekara guda bayan haihuwa, domin kulawarta daban ce. Ana ƙiyasin tana faruwa a ciki ɗaya cikin kusan 3,000.

Babban haɗarinta jinkirin ganowa. Mai ciki nononta kan cika ya yi tauri, sai ƙullutu ya ɓuya. Ko ta shafa ta ji shi, akan ce ruwan nono ne ya taru, a shafa man zafi, wani lokaci a kira wanzami ya yi sakiya. Ga kuma camfin nan na cewa daji ba ya son ƙarfe, wanda ya hana mata da yawa zuwa asibiti sai abu ya ci jiki. Alhali sikanin nono da ɗibar ɗan tsoka don gwaji ba sa cutar da ɗan tayi.

Ana iya yin tiyata a kowane wata na ciki. Allurar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, ita ce ake kauce wa a watanni uku na farko, lokacin da gaɓoɓin jariri ke haɗuwa. Bayan nan ana bayarwa, a dakata kamar mako uku kafin haihuwa don jinin uwa ya farfaɗo. Gashin sankara da na'ura kuwa sai an sauka lafiya. Ba a ba mai ciki maganin sankara na tamoxifen, haka ma na trastuzumab, mai rage ruwan da jariri ke kwance a ciki. Zubar da cikin kuwa ba ya ƙara wa uwa damar warkewa.

Da wuya ƙwarai cutar ta tsallaka ga jariri. Abin da ya fi samunsa shi ne zuwa bakwaini ko ƙarancin nauyi, sau da yawa don an gaggauta haihuwar ne a ci gaba da maganin uwa. Binciken da Frédéric Amant na Beljiyam ya jagoranta, wanda ya fito a 2015, ya nuna yaran da aka yi wa iyayensu kemo suna ciki sun girma kamar tsaransu, zuwa da wuri ne ya fi taɓa kaifin ƙwaƙwalwarsu. Shi ya sa ake so ciki ya kai mako 37. Nono ba ya ɗauke da sankara, amma mai karɓar kemo ba ta shayarwa.

A Legas, asibitin koyarwa na LUTH yana Idi-Araba, unguwar da Hausawa suka daɗe da zama, kuma an buɗe cibiyar sankara a cikinsa a 2019. Mutanen Agege kuwa asibitin koyarwa na LASUTH da ke Ikeja ya fi musu kusa. Sai dai al'adar tafiya gida Arewa goyon ciki kan katse allurai a tsakiya, don haka mai shirin tafiya kan buƙaci takardar likita da za ta kai asibitin da zai ci gaba da duba ta.