Shin 'Yan Katolika Suna Bauta wa Waliyyai?

An daɗe ana cewa 'yan Katolika suna bauta wa Maryamu da waliyyai. Koyarwarsu ba haka ta ce ba. Tun a taron shugabannin Ikilisiya na biyu da aka yi a birnin Nikiya a shekarar 787 aka raba bauta, wadda ta Allah ce kaɗai, da girmamawa, wadda ake yi wa waliyyai. Katikizim ɗinsu (littafin koyarwar addininsu) na 1992, sakin layi na 971, ya nanata haka game da Maryamu.

Kana iya dubawa da kanka: a addu'o'insu, ga Allah ake cewa "ka yi mana jinƙai", ga waliyyi kuwa "ka yi mana addu'a".

Saɓanin na gaske a nan yake: Kiristoci 'yan Furotesta, bisa 1 Timoti 2:5 a Littafi Mai Tsarki, suna ganin Almasihu kaɗai ne matsakanci tsakanin Allah da mutane, don haka ba sa roƙon waɗanda suka rasu.

A taimaka a yaɗa wannan bayani.