Mazaɓar Gabashin Clare (1885–1922)

Gabashin Clare tsohuwar mazaɓa ce a gundumar Clare da ke yammacin Ireland, wadda take tura wakili ɗaya zuwa Majalisar Dokokin Birtaniya a Landan daga shekarar 1885 zuwa 1922. An kafa ta ne a ƙarƙashin dokar sake rabon kujeru ta 1885, wadda ta raba gundumar gida biyu, gabas da yamma. Garin Ennis, hedikwatar gundumar, yana cikin ɓangaren gabas.

Wakilinta na farko shi ne Joseph Richard Cox. A zaɓen 1892, bayan jam'iyyar masu neman mulkin cikin gida ta dare gida biyu a kan shugabancin Charles Stewart Parnell, Willie Redmond, wanda ke ɓangaren magoya bayan Parnell, ya kayar da Cox, ya kuma riƙe kujerar shekara 25. Redmond ƙane ne ga John Redmond, shugaban jam'iyyar, kuma da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke ya shiga rundunar Birtaniya duk da yawan shekarunsa, yana ganin cewa sadaukarwar 'yan Ireland za ta sa Landan ta cika alkawarin mulkin cikin gida. An kashe shi a fagen daga na Messines a Beljiyam ranar 7 ga Yuni, 1917, yana da shekara 56.

Zaɓen cike gurbin da ya biyo bayan mutuwarsa shi ne ya fito da sunan mazaɓar. Jam'iyyar Redmond ta tsayar da Patrick Lynch, lauya ɗan asalin yankin wanda jama'a suka sani. Sinn Féin kuwa, jam'iyyar masu neman cikakken 'yancin Ireland, ta tsayar da Éamon de Valera, malamin lissafi wanda ya jagoranci mayaƙa a masana'antar niƙa gari ta Boland's Mill lokacin boren Ista na 1916 da aka yi wa mulkin Birtaniya a Dublin, aka yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka mayar da shi ɗaurin rai da rai. Kwanaki kaɗan da sakinsa daga kurkuku a afuwar watan Yuni ya isa Clare, ya riƙa hawa dandalin yaƙin neman zaɓe sanye da kakin mayaƙan sa kai, don kada kowa ya yi shakkar abin da yake neman a zaɓa. Ranar 10 ga Yuli aka kaɗa ƙuri'a: de Valera ya samu 5,010, Lynch ya samu 2,035. Sinn Féin ta riga ta ci Arewacin Roscommon da Kudancin Longford a wannan shekarar, amma wannan tazara, daga manoman da suka shekara 25 suna zaɓen Redmond, ita ce ta nuna cewa ƙasa ta juya wa tsohuwar jam'iyyar baya. A watan Oktoba de Valera ya zama shugaban Sinn Féin.

Bai taɓa zama a kujerarsa ta Landan ba, domin manufar jam'iyyarsa ita ce ƙauracewa majalisar. A babban zaɓen Disamba 1918 ya koma ba tare da hamayya ba, Sinn Féin kuma ta lashe kujeru 73 cikin 105 na Ireland. Lokacin da waɗannan wakilai suka kafa majalisarsu, Dáil Éireann, a Dublin ranar 21 ga Janairu, 1919, wakilin Gabashin Clare yana tsare a kurkukun Lincoln a Ingila, inda ya tsere a farkon Fabrairu.

A zaɓen 1921 an haɗe gabas da yamma suka zama mazaɓar Clare mai kujeru huɗu, sannan kafuwar 'Yantacciyar Ƙasar Ireland a 1922 ta kawo ƙarshen wakilcin yankin a Landan. De Valera ya ci gaba da wakiltar Clare har 1959, shekarar da ya zama shugaban ƙasa. Patrick Lynch, wanda ya sha kaye a 1917, ya koma ɓangaren wanda ya kayar da shi, kuma a 1936 gwamnatin de Valera ta naɗa shi babban lauyan gwamnati.