Ba cika ramuka ne ke kumbura katako ba

An daɗe ana ɗauka cewa katako da takarda suna kumbura ne don ruwa ya cika ramukan cikinsu, kamar soso. Da haka ne, da kowane abu mai ruwa-ruwa zai yi wannan aikin. A tsoma guntun katako a kananzir, a tsoma wani a ruwa. Na kananzir zai jiƙe sharkaf, ya ƙara nauyi, amma kaurinsa kusan yana nan. Na ruwa ne zai kumbura.

Dalilin yana jikin selulos, sinadarin da ke gina bangon ƙwayoyin tsirrai. Zarurrukansa suna riƙe da juna ta haɗin haidrojin, wato wani ɗan jan juna da ke tsakanin ƙwayoyin sinadarai. Ruwa na iya ƙulla irin wannan haɗi, ga ƙwayarsa ƙarama, sai ya kutsa tsakanin zarurrukan ya ture su. Kananzir ba ya iyawa, sai dai ya kwanta a ramuka. Girman ƙwaya ma da tasirinsa: a cikin sinadaran alkohol, metanol mai ƙaramar ƙwaya ya fi etanol kumbura selulos, kuma ruwa ya fi su duka biyun.

Ko shi ruwan yana da iyaka. Da danshi ya kai kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyin busasshen katako, bangon ya ƙoshi, ƙarin ruwa ba ya ƙara kumburi. Inda zarurrukan suka jeru tsaf suka matse kuwa, ruwa ba ya shiga sam. Soda mai ƙuna, wadda ake haɗa sabulu da ita, ce ke iya ratsa nan, kuma da ita John Mercer, masanin sinadarai na Ingila, ya kumbura zaren auduga a 1844.