Ka tsinci kyanwa: yadda za ka riƙe ta har ka sama mata gida

Duk lokacin da sanyi ya kama ko damina ta sauka, mu ma'aikatan lafiyar dabbobi mukan ga mutane suna zuwa da kwali a hannu, a ciki 'yar kyanwa tana kuka da ƙyar. Wani daga kwata ya tsamo ta, wani a hannun yara masu jifa ya ƙwato ta, wani kuwa buhu ya gani yana motsi a bakin kasuwa. Allah Ya saka musu da alheri. Sai dai tsintar ita ce mai sauƙi. Abin da yake damuna shi ne yadda 'yan kyanwoyi da yawa suke mutuwa a makon farko a hannun masu son su da gaske, waɗanda suka rayu kuma a miƙa su ga duk wanda ya ce "ba ni", bayan wata ɗaya su koma titi.

Kafin ka ɗauka, ka tabbata ba ta da uwa. Mage takan bar 'ya'yanta ta tafi neman abinci, takan kuma kwashe su ɗaya bayan ɗaya zuwa sabon maɓoya. In ka gan su a bushe, cikinsu a cike, suna barci a dunƙule, ka ja da baya ka sa ido na 'yan awanni. Wadda za ka ɗauka nan take ita ce jiƙaƙƙiya, ko mai rauni, ko wadda jikinta ya yi sanyi.

Ɗumi ne farko, abinci na biye. Jaririyar da ba ta kai mako uku ba ba ta iya ɗumama jikinta da kanta, kuma in aka ɗura mata madara tana cikin sanyi, cikinta ba zai narkar ba. Zuba ruwan ɗumi a gora, naɗe da tsohon zane, ajiye a gefe ɗaya na kwalin yadda za ta iya matsawa in zafi ya yi mata yawa. Sai jikinta ya ɗumama za a ba ta abin sha.

A nan ne aka fi yin ɓarna. Madarar shanu, ta gwangwani ko ta gari, tana sa 'yar kyanwa zawo, zawo kuwa kwana ɗaya ko biyu ya ishe shi ya kashe ta. Mafi alheri shi ne a sami wata mage mai shayarwa a unguwa a gwada sa mata ita, sau da yawa takan karɓa. In babu, a nemi madarar da aka haɗa domin jariran kyanwa a shagon maganin dabbobi. In ita ma ta gagara, a tafasa madarar akuya ta huce, a kaɗa ɗan gwaiduwar ƙwai a ciki, a riƙa ba ta kafin a sami mafita. Da sirinji marar allura ake bayarwa, ɗigo-ɗigo, duk bayan awa biyu zuwa uku, har da dare. A kife za ta kasance kamar tana shan nonon uwarta. In ka kwantar da ita rigingine, madarar za ta bi ta huhu. Bayan ta sha, a jiƙa auduga da ruwan ɗumi a shafa mata ƙasan wutsiya a hankali, domin lasar uwa ce take sa ta fitsari da kashi, kuma har ta kai mako uku ba ta iya yi da kanta. Idonta yakan buɗe tsakanin kwana bakwai zuwa goma sha huɗu. A mako na huɗu za ta fara lasar abinci mai laushi: dafaffen kifi da aka cire ƙaya, naman kaza, dafaffen ƙwai. Tuwo da miya ba za su riƙe ta ba, albasa da tafarnuwa kuwa lalata mata jini suke yi.

Ina roƙonku, kada ku yi wa kyanwa magani da ka. Farasitamol ɗin da muke sha, ɗan gutsure kaɗan ya isa ya kashe ta, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Kada a shafa mata fiya-fiya, ko kananzir, ko maganin feshin gona don a kashe ƙuma. Za ta lashe jikinta, gubar ta shige ta. Har maganin ƙumar kare, mai sinadarin fametirin, guba ne ga kyanwa. Wadda ta yi ƙanƙanta, a tsefe mata ƙumar da ƙaramin mataji a jefa cikin ruwan sabulu. Maganin tsutsar ciki kuwa sai malamin dabbobi ya auna nauyinta ya faɗi adadi.

Lafiyar mutanen gida ma amana ce. A ware baƙuwar kyanwa a ɗaki ɗaya na mako biyu, kada ta cuɗanya da sauran dabbobi, a wanke hannu bayan an taɓa ta. In an ga gashinta ya zube a wani wuri ya yi da'ira, wataƙila makero ne, kuma yara suna ɗauka. Mai juna biyu kada ta kwashe kashin kyanwa, saboda wata ƙwayar cuta da ke iya taɓa ɗan da ke ciki. Wani ya riƙa zubar da yashin da take kashi a ciki kullum, tun ƙwayar ba ta kai ga iya kama mutum ba. Sai babbar magana, ciwon haukan kare. Kusan duk masu kamuwa daga kare suke samu, amma kyanwa ma tana ɗauka, kuma da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum babu magani. Wanda ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar. Ita kuma a yi mata rigakafi da ta cika wata uku. Asibitocin dabbobi na jihohi da na jami'o'i irin su Zariya, Sakkwato da Maiduguri suna wannan aiki.

Kada a bayar da ita kafin ta cika mako takwas tana cin abinci da kanta. Tun tana hannunka ka fara cigiya a wurin dangi, maƙwabta, abokan sana'a da zaurukan WhatsApp na unguwa, ka faɗi gaskiyar halinta da abin da aka yi mata da wanda ya rage. Masu shago da masu rumbun hatsi sukan so kyanwa saboda ɓera, kuma da hujjarsu: ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ambaci kiwon kyanwa cikin hanyoyin rage shi a gida. Amma ka tambayi mai karɓa ko zai riƙa ciyar da ita. Akwai masu cewa sai an bar ta da yunwa take kamu. Ba haka ba ne. Mai yunwa sata take koya, daga nan duka ya biyo baya, daga duka sai kora. Ka tambaya ko suna zuba shinkafar ɓera, domin kyanwar da ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma tana cikin haɗari. Ka tambaya ko maigida da uwargida sun amince, don yaro ne yakan zo da zumuɗi, wahalar kuma a kan uwarsa take ƙarewa. Gidan da ake kiwon tantabara ko 'yan tsaki, a yi wannan magana tun da wuri. Wanda ya ce zai ɗaure ta da igiya ya bar ta, ka tuna masa hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. In bai sauya magana ba, ka riƙe abarka. Baƙar kyanwa ta fi wuyar samun gida saboda camfi, alhali launin gashi ne kawai. Ita a ƙara mata haƙuri.

Ku yi maganar haihuwa kafin ta bar hannunka. Mage tana iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar, cikinta wata biyu ne da 'yan kwanaki, kuma takan haihu sau biyu ko uku a shekara. Buhunan da ake yarwa a kasuwa daga nan suke fitowa. A asibitin dabbobi ana cire wa mace mahaifa, ana fiɗiye muzuru, duka da allurar barci. Kada a yarda wani ya gwada a gida.

Ranar miƙawa, ka haɗa ta da tsumman da take kwana a kai da katin rigakafinta. Ka ce su tsare ta a ɗaki mako biyu zuwa uku kafin su bar ta ta fita tsakar gida, in ba haka ba za ta kama hanyar komawa inda ta saba ta ɓace. Bayan mako ɗaya ka leƙa ka gan ta da idonka. Ka kuma gaya musu a fili cewa duk ranar da suka ga ba za su iya ba, su dawo maka da ita, ba za ka yi fushi ba.