Yadda Rory, sunan "jan sarki", ya zama har na mata a Amurka

Da wuya a yi wata guda ba a tayar da wannan gardama a kafafen sada zumunta ba. Wata uwa a Amurka za ta sanar cewa ta raɗa wa 'yarta suna Rory, sai mutanen Ayilan su yi mata caa: sunan maza ne, sunan sarki ne ma, me ya haɗa shi da 'ya mace? Su kuma iyayen sukan ce ai ba su suka fara ba. Abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi kawai shi ne lamarin ya soma ne a shekarar 2000, lokacin da aka fara nuna shirin talabijin na Gilmore Girls, wanda yarinyar cikinsa ake kiranta Rory. A ganina duka biyun sun makara da fiye da shekara ɗari.

Asalin sunan dai ba a jayayya a kansa. A harshen Gelik na Ayilan Ruairí ne, tsohon rubutunsa Ruaidrí, kuma kalma biyu aka haɗa: ruad, wato ja, musamman jan gashi, da rí, wato sarki. Kamar dai a ɗauki Jatau da Sarki a mayar da su suna guda. Wanda ya fi shahara da shi Ruaidrí Ua Conchobair ne, sarkin Connacht, yankin yammacin ƙasar, da ya zama babban sarkin Ayilan a 1166, Normawa, mayaƙa daga Birtaniya, suka shigo ƙasar a zamaninsa a 1169, ya rasu a 1198. Bayansa an yi jagororin tawaye masu sunan, irin su Rory O'More na boren 1641. Duk maza ne, kuma duk mai jin Gelik ya san haka ba sai an faɗa masa ba, tunda kalmar sarki tana cikin sunan ƙuru-ƙuru.

Inda ba a cika waiwaya ba shi ne ƙarni na 19, lokacin da kunnuwa suka daina jin wannan kalma. A farkon ƙarnin ana ƙiyasin kusan rabin mutanen ƙasar suna magana da Gelik. Sai ga babbar yunwa ta 1845 zuwa 1852, da cuta ta lalata dankalin turawa, abincin da talaka ya dogara da shi. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, fiye da miliyan ɗaya suka bar ƙasar, kuma yankunan yamma da kudu, inda harshen ya fi ƙarfi, su suka fi shan wuya. A ƙidayar 1851 masu jin Gelik ba su kai kashi ɗaya bisa huɗu ba. Iyayen da suka tsira sun ga 'ya'yansu jirgin Boston ko New York ko Liverpool za su hau, kuma can Turanci ne ke ba da abinci. Sai suka riƙa hana yara harshen gida da kansu.

Sunaye ma ba su tsira ba. An daɗe da al'adar musanya sunan Gelik da wani na Turanci ko na Latin mai kama da shi a kunne, ko da babu dangantaka tsakaninsu. Domhnall ya zama Daniel, Tadhg ya zama Timothy, Conchobhar ya zama Cornelius, Gráinne ta zama Grace, Sorcha ta zama Sarah. Ruairí kuwa aka riƙa rubuta shi Roger ko Roderick a littattafan baftisma da takardu, sunaye biyu masu asalin Jamusanci. Yaro yana Ruairí a bakin kakarsa, yana Roger a takarda, idan ya haye teku kuma takardar ce ke binsa. Musanyar ta yi ƙarfi har ta juya baya: Roger Casement, ɗan fafutukar 'yancin Ayilan wanda aka rataye a Landan a 1916, da Gelik Ruairí Mac Easmainn ake ce masa.

To me ya saura? Rory, gaɓa biyu masu daɗin faɗa, da ba su nufin komai a kunnen jikan ɗan gudun hijira. Ga shi kuma yana ƙarewa da sautin da Bature ya saba ji a Mary da Lucy da Sally. Sunan da ma'anarsa ta zube, kowa na iya ɗauka. Shi ya sa tun kafin a yi tunanin wancan shiri an riga an samu mata masu shi. Ɗan wasan fim Errol Flynn ya sa wa 'yarsa Rory a 1947. Rory Kennedy, mai shirya finafinan tarihi, an haife ta a Disamban 1968, wata shida bayan an kashe mahaifinta, sanatan Amurka Robert Kennedy, kuma dangin mahaifin nata 'yan asalin Ayilan ne. Wasu kuma sun mayar da shi taƙaitaccen Aurora.

A Ayilan kanta labarin ya bambanta, domin yunƙurin farfaɗo da harshen, wanda ƙungiyar Conradh na Gaeilge ta ja gaba tun 1893, ya dawo da rubutun Ruairí cikin iyalai da makarantu. A Ayilan da Sikotlan sunan na maza ne har yau, kuma ɗan wasan golf Rory McIlroy, da ya ci gasar Masters a 2025, ya ƙara masa farin jini. A Amurka kuwa ana sa wa kowa. Ita ma yarinyar cikin shirin da ake ta ɗora wa laifi, cikakken sunanta Lorelai ne, wanda ya samo asali daga sunan wani dutse a bakin kogin Rhine a Jamus.