Zaɓen Sabbin 'Yan Wasa a Gasar AFL: Waɗanda Aka Dace da Su da Waɗanda Aka Yi Asara

Zaɓen sabbin 'yan wasa, wanda ake kira diraf, shi ne babbar ƙofar da matasa ke bi su shiga gasar AFL, wato babbar gasar ƙwallon ƙafa salon Ostireliya. Wasan ya bambanta da ƙwallon ƙafar da aka sani a Afirka da Turai. Ana buga shi a fili mai siffar ƙwai, mutum 18 a kowane ɓangare, ana amfani da hannu da ƙafa, kuma ƙwallon da aka buga da ƙafa ta wuce tsakanin manyan sandunan tsakiya maki 6 ce. Ana yin zaɓen sau ɗaya a shekara, galibi a watan Nuwamba. Ƙungiyar da ta ƙare a ƙasan tebur ita ke fara zaɓa, wadda ta ɗauki kofi kuma ta zo a ƙarshen zagaye, sai dai ƙungiyoyi kan yi musayar gurabensu da juna. Yawancin waɗanda ake ɗauka 'yan shekara 18 ne.

Tun da aka fara wannan tsari, magoya baya da 'yan jarida suke muhawara kan wace ƙungiya ce ta yi dace, wace ce ta yi asara. Ma'aunin da suka fi amfani da shi shi ne a dubi wanda aka ɗauka, sannan a dubi wanda aka bari ya faɗa hannun ƙungiya ta gaba. Wannan ma'auni ya ɗaukaka wasu, ya kuma ɗora wa wasu nauyin da ba su ne suka jawo shi ba.

Asali

Kafin zuwan diraf, hukumar gasar, wadda a lokacin ake kira VFL, ta raba birnin Melbourne da ƙauyukan jihar Victoria shiyya-shiyya, kowace ƙungiya da yankin da take ɗibar yara. Wadda ta yi sa'ar yanki mai albarka sai ta yi ta cin kofi. An gwada zaɓe a 1981 da 1982 don 'yan wasan wasu jihohi, aka dakatar, sannan aka dawo da shi a 1986, kuma daga nan ake ƙirga tarihinsa. Tsarin shiyya bai mutu rana ɗaya ba, ya ci gaba a cikin birni har wajen farkon shekarun 1990. Sunan gasar ya koma AFL a 1990.

Wanda aka fara ɗauka a 1986 shi ne Martin Leslie, ɗan jihar Ostireliya ta Kudu, wanda sabuwar ƙungiyar Brisbane Bears ta zaɓa. Bai tafi nan take ba, sai da ya ƙara shekaru a gasar jiharsa. A wancan zamani hakan ba abin mamaki ba ne, domin gasannin jihohi suna da ƙarfi, kuma ba kowa ke son barin gida ba.

Shekarun lalube

Zaɓukan farko an yi su ne kusan a cikin duhu. Masu farautar 'yan wasa kaɗan ne, da yawansu ba ma aikin ne sana'arsu ba, kuma akan ɗauki yaro bisa labarin da aka ji. Richmond ta ɗauki Richard Lounder a gurbi na 1 a 1987, ya buga wasa 4 kacal ya koma gida. Ta sake samun gurbi na 1 a 1989 ta ɗauki Anthony Banik, wanda ya buga 49. Stephen Hooper, na 1 a 1990, ya yi wa Geelong wasa 21. Ba a jera mafi munin zaɓuka ba tare da an ambaci sunan Lounder ba.

A cikin wannan duhun ne kuma aka yi tsintuwa mafi girma. A 1988 Footscray ta ɗauki wani yaro daga garin Daylesford, Chris Grant, a gurbi na 105, lokacin bai kai shekara 17 ba. Ya buga mata wasa 341 kuma ya zama kyaftin. A 1997 shi ya fi kowa ƙuri'a a kyautar Brownlow, wadda ake bai wa gwarzon kakar wasa bisa ƙuri'un alƙalan wasa, amma dakatarwar da aka yi masa a waccan shekarar ta hana shi karɓa, aka bai wa Robert Harvey na St Kilda. A 1990 Essendon ta ɗauki James Hird daga Canberra a gurbi na 79. Kakansa ya taɓa yi wa ƙungiyar wasa har ya shugabance ta. Hird ya ci kofi a 1993 da 2000, ya raba kyautar Brownlow da Michael Voss a 1996, ya kuma karɓi kyautar Norm Smith ta gwarzon wasan ƙarshe a 2000. Mutum 78 aka gabatar a kansa.

Zaɓen 1997 ya ba da wasu biyu irinsu. Simon Black, na 31, ya ci kofi uku a jere da Brisbane Lions daga 2001 zuwa 2003, da Brownlow a 2002. Adam Goodes, na 43, ɗan asalin mutanen farko na Ostireliya, ya buga wa Sydney wasa 372, ya ci Brownlow a 2003 da 2006, da kofi a 2005 da 2012.

Zaɓen 2001

Babu shekarar da aka fi rubutu a kanta kamar 2001, kuma ta cancanta. Ukun farko su ne Luke Hodge zuwa Hawthorn, Luke Ball zuwa St Kilda, da Chris Judd zuwa West Coast. Asali gurbi na 1 na Fremantle ne, domin ita ta zo ta ƙarshe. Sai ta miƙa shi ga Hawthorn tare da gurbi na 20 da na 36, ta karɓi 'yan wasa biyu, Trent Croad da Luke McPharlin. Da na 1 Hawthorn ta ɗauki Hodge, da na 36 ta ɗauki Sam Mitchell, wanda aka tsallake a shekarar da ta gabata saboda ana ganin ba shi da tsawo kuma ba shi da gudu. Su biyun sun zama kyaftin ɗin ƙungiyar ɗaya bayan ɗaya, sun ci kofi huɗu tare, a 2008, 2013, 2014 da 2015. McPharlin ya daɗe yana yi wa Fremantle hidima a matsayin mai tsaron baya, amma Croad shekara biyu ya yi ya koma Hawthorn, har ya ci kofin 2008 tare da Hodge.

A shekarun farko an yi ta zargin Hawthorn cewa ta yi kuskure da ta bar Judd. Dalilin a fili yake, domin Judd ya ci Brownlow tun a 2004, ya karɓi Norm Smith a 2005, ya ɗaga kofi a matsayin kyaftin a 2006, alhali Hodge bai gama zama da gindinsa ba. Bayan Hodge ya karɓi Norm Smith a 2008 da 2014, muhawarar ta sauya, yawanci aka yarda cewa kowace ƙungiya ta sami wanda ya dace da ita. Wannan misali ne na yadda hukuncin da aka yanke wa zaɓe bayan shekara uku yake iya rushewa bayan shekara goma.

Geelong ta fi kowa cika jaka a wannan shekarar. Ta ɗauki Jimmy Bartel a gurbi na 8, James Kelly na 17, Steve Johnson na 24, da Gary Ablett ƙarami na 40 a ƙarƙashin dokar uba da ɗa, wadda ke bai wa ƙungiya fifiko kan ɗan tsohon ɗan wasanta. Waɗannan huɗu suna cikin ginshiƙan da suka kawo mata kofin 2007, na farko tun 1963. Bartel ya ci Brownlow a 2007, Ablett a 2009 da 2013. Can ƙasa, Collingwood ta ɗauki Dane Swan a gurbi na 58, shi ma ya ci Brownlow a 2011. Mitchell kuwa an ba shi ta 2012 daga baya, tare da Trent Cotchin, bayan an karɓe ta daga Jobe Watson.

Tambling da Franklin

Idan aka ce mafi munin zaɓe, labarin 2004 ne ke fara zuwa bakin mutane. Richmond na da gurbi na 1 da na 4, Hawthorn na da na 2, na 5 da na 7. Richmond ta ɗauki Brett Deledio, sannan Richard Tambling, matashi mai gudu daga Yankin Arewa. Nan take Hawthorn ta ɗauki Lance Franklin, bayan ta riga ta sami Jarryd Roughead, ta kuma ƙara da Jordan Lewis. Franklin ya wuce ƙwallo 100 a kakar 2008, ya koma Sydney a ƙarshen 2013, ya ci ƙwallonsa ta 1,000 a watan Maris na 2022, ya yi ritaya a 2023 da ƙwallo 1,066 a wasa 354.

Tambling ya buga wasa 124 tsakanin Richmond da Adelaide. Wannan adadi ya zarce abin da yawancin waɗanda aka taɓa zaɓa suka samu, domin da yawa ba sa kai ko 50. Amma duk tsawon rayuwarsa a fili ana auna shi da mutumin da aka kira sunansa bayan nasa, kuma ba shi ya zaɓi kansa ba. Ba a yi masa adalci ba. Tun kafin nan Richmond ta taɓa shiga irin wannan hali a 1999, lokacin da ta ɗauki Aaron Fiora a gurbi na 3, Fremantle ta bi da Matthew Pavlich, wanda ya buga wasa 353 ya ci ƙwallo 700.

Ita ma Hawthorn ba ta tsira ba. A 2006 ta ɗauki Mitch Thorp a gurbi na 6, raunin ƙafa ya dame shi, ya buga wasa 2. Na 7 shi ne Joel Selwood, wanda wasu ƙungiyoyi suka yi ɗari-ɗari da shi saboda gwiwarsa. Ya yi wa Geelong wasa 355 da kofi huɗu, na ƙarshe a 2022 yana kyaftin.

Melbourne, 2008 da 2009

Melbourne ta ɗauki Jack Watts a gurbi na 1 a 2008, ta bar Nic Naitanui ga West Coast. An saka Watts wasansa na farko da Collingwood a gaban dubban 'yan kallo yana ɗan makaranta, kuma da yawa na ganin an yi gaggawa. Ya buga wasa 174. A 2009 ƙungiyar ta sami gurbi na 1 da na 2, saboda ƙarin gurbin da ake bai wa wadda ta yi rauni sosai, ta ɗauki Tom Scully da Jack Trengove. Scully ya tafi Greater Western Sydney bayan kaka biyu. Trengove ya zama kyaftin yana ɗan shekara 20, sai raunin ƙashin ƙafa ya durƙusar da shi. Na 3 a shekarar shi ne Dustin Martin, wanda ya kai Richmond ga kofi a 2017, 2019 da 2020, ya karɓi Norm Smith a duk ukun. Na 20 shi ne Nat Fyfe, mai Brownlow biyu. A wannan zaɓen dai Melbourne ta ɗauki Max Gawn a gurbi na 34, kuma shi ne kyaftin ɗin da ya ɗaga mata kofi a 2021.

An zargi ƙungiyar da barin wasanni da gangan a 2009 don samun ƙarin gurbin. A 2013 hukumar ta ci ta tarar dalar Ostireliya 500,000, ta dakatar da jami'ai biyu, amma ba ta same ta da laifin faɗuwa da gangan ba. Har yau ra'ayi ya rabu.

Rauni da lafiya

Wasu sunayen da ake sakawa a jerin asara jikinsu ne ya gaza, ba gwanintarsu ba. Jonathon Patton, na 1 a 2011, jijiyar gwiwarsa ta tsinke sau uku. Paddy McCartin, na 1 a 2014, ya sha buguwar kai sau da yawa a St Kilda har ya bar wasa, ya dawo da Sydney a 2022 a matsayin mai tsaron baya, ya buga wasan ƙarshe na shekarar, sannan ya ajiye takalmi a 2023 bayan wata buguwar.

Tom Boyd ya fi wuyar yanke wa hukunci. Shi ne na 1 a 2013, gaban Marcus Bontempelli na 4 da Patrick Cripps na 13. Bayan kaka ɗaya ya koma Western Bulldogs da kwantiragin shekara bakwai mai tsoka, aka yi ta sukarsa. A wasan ƙarshe na 2016 ya ci ƙwallo 3 a ragar Sydney, ƙungiyar ta ɗauki kofinta na farko tun 1954. Ya bar wasa a 2019 yana ɗan shekara 23, da wasa 61, bayan ya fito fili ya yi magana kan damuwar ƙwaƙwalwa da ta addabe shi.

Gurbi na 1 da ƙananan zaɓuka

Sai a 2008 aka sami wanda aka ɗauka a gurbi na 1 ya ci Brownlow, wato Adam Cooney na Western Bulldogs. Nick Riewoldt, na 1 a 2000, mai wasa 336 a St Kilda, da Hodge su ake yawan kira mafiya nagarta a wannan gurbi.

Akwai kuma jerin masu jiran gado, wanda aka buɗe a 1997 don waɗanda aka tsallake a babban zaɓe. Ta nan West Coast ta sami Dean Cox, mai wasa 290, da Matt Priddis, wanda ya ci Brownlow a 2014. A 2019 Richmond ta ɗauki Marlion Pickett a zaɓen tsakiyar kaka yana ɗan shekara 27, kuma wasansa na farko a gasar shi ne wasan ƙarshe na kofi, abin da rabon a gani tun 1952.

Tsarin yau

Tun 2015 kowane gurbi yana da maki, kuma ƙungiyar da ke son ɗan tsohon ɗan wasanta ko yaron makarantar horonta sai ta biya da makin gurabenta idan wata ta taya shi. Ta haka Collingwood ta sami Nick Daicos a gurbi na 4 a 2021. Na 1 a shekarar, Jason Horne-Francis, kaka ɗaya ya yi a North Melbourne ya koma Port Adelaide a jiharsa.